Allunan Yaya Mamman

Mu biyar ne a saman benen ranar. Ni Balaraba, ƙanwar mamacin. Ɗana Usama da matarsa Safiya, wadda ita ke rubuta wannan ina faɗa mata, don ni ba a kai ni makaranta ba. Malam Garba, limamin ƙaramin masallacin layin, wanda ya shekara talatin yana gardama da mamacin kuma shi ya yi masa wanka. Sai Abu Salim, mutumin Yaman mai gadin ginin, da makulli a hannu. Kwana takwas ke nan da muka binne Yaya Mamman, wanda duk unguwar Bani Malik ta nan Jidda ta sani da Mamman Buya, saboda buya, wato fenti, ita ce sana'arsa. Mai ginin ya aiko cewa a kwashe ɗakin saman kafin Alhamis. Ranar kuwa Talata ce. Usama ya riga ya yi magana da mai dabbab, 'yar motar kayan nan, zai zo da safe ya kai komai bola. Abin da ake jira kawai in ce to, don ni kaɗai na rage masa.

Komai ɗin, in ka cire katifa da buta da tukunyar shayi, alluna ne. Allunan katako sun fi ɗari, jingine da juna daga ƙasa har rufi, duk ya dama su da fenti.

Ku da kuka san shi kun san gaisuwarsa. Ba ya ce maka sannu sai ya fara cewa, "Matsa baya." Ka matsa. "Ƙara." Sai ka yi taku bakwai, ya ƙanƙance idanu kamar mai neman wata, sannan ya ce, "Yawwa, yanzu na gan ka. Ina kwana?" In ka yi ƙorafi ya ce, "Komai na duniya in ka matso masa tabo ne."

Haka ya yi ranar da aka nema masa mata. Bazawara ce mai hankali, 'yar mutanen Damagaram, ni na raka shi. Ta shigo da shayi, ta yi sallama. Sai na ga Yaya ya miƙe yana tafiya da baya, ya fita daga ɗakin, ya tsaya a bakin matakala.

"Auta," ya ce da ni, don haka yake kirana, "ce mata ta ɗan juya wajen taga."

Matar ta juya, don tana da tarbiyya.

"Haskenta na la'asar ne," in ji shi. "Da safe ban san yadda za a yi ba."

Ta ajiye tiren a hankali, ko kofi ɗaya bai motsa ba. Ta ce, "Hajiya, ki gaya wa yayanki, shi ko daga Makka aka hango shi ba zai gyaru ba."

Muna hanyar gida, da muka tsallaka titi, sai ya ce, "Kin ga mace mai ido. Ita ya kamata in aura." Bai sake neman aure ba.

Da safe yana fentin gidajen mutane, nan yake samun na abinci. Da an yi azahar sai ya saɓi allo ya nufi bayan gari. Bakin teku inda masunta ke ɗaure jirage, fakon gishirin nan na kudu, duwatsun Bahra, tsohuwar hanyar Makka. Ƙasa yake zanawa, da sama, da ruwa, da itatuwan ƙaya. Kuma da sauri yake yi, kamar wanda ake kora, wai kafin hasken ya juya. Ba ya jan layi. Dangwalawa yake yi, nan shuɗi, nan ja, nan wani fari-fari. In ka duba a kusa sai ka rantse kaza ce ta faɗa miya ta fito ta bi ta kan katako.

Bai taɓa sayen fenti da kuɗinsa ba. Guntun da ya rage a gindin gwangwani bayan ya gama aikin mutane shi yake roƙa, kuma ba ya ɗauka sai an ce ya ɗauka. Amma ya san yadda zai yi guntun ya zama launin da yake so. Shekarun da yake zanen teku, duk wanda ya kira shi aiki sai ya dubi bango ya girgiza kai ya ce, "Wannan shuɗi yake so. Sauro ba ya sauka a kan shuɗi." Rabin gidajen Bani Malik suka koma shuɗaye, har unguwar Safa abin ya kai. Da ya koma zanen duwatsu sai magana ta canja, wai ƙasa-ƙasa ne maganin sauro. Wani Bamisire da ya taɓa yi wa aiki ya tare shi:

"Ya mu'allim, bara ka ce min shuɗi."

"Na bara sun mutu," in ji Yaya. "Waɗannan 'ya'yansu ne, ba halinsu ɗaya ba."

Katako ma haka. Wata rana na buɗe kwabar kayana zan ɗauki mayafi, sai na ga bango yana kallona ta tsakanin riguna. Ya zo gaishe ni ina kicin, ya kwance bayan kwabar ya fita da shi. Na hau mota daga unguwarmu Madain Fahd har Bani Malik, na hau bene huɗu da gwiwata.

"Yaya, ina bayan kwabata?"

"Ga shi can yana bushewa."

"Wa ya ba ka?"

"Auta, shekara ashirin yana kallon bango. Na nuna masa duniya."

Tun ranar na ƙudura ba zan taɓa matsa baya in kalli allonsa ba. In na je sai in tsaya dab da shi, hancina kusan yana taɓa fentin, in ce, "Ɓarna." Shi kuma ya ce, "Taku bakwai kawai, Auta." In ce, "Ni a kusa nake duba abu. Ba a hango tsakuwar shinkafa daga nesa." Shekara ashirin da wani abu muna wannan.

Igiyar kuwa, da yawanku kun gan ta. In ya dawo da allo yakan ƙarasa shi a saman benen, ya dangwala, ya tafi da baya ya duba, ya dawo. Katangar bakin rufin ba ta kai gwiwa ba. Wata la'asar Abu Salim yana ƙasa ya ɗaga kai ya hango dugadugan Yaya a bakin iska. Daga nan Yaya ya samo igiyar shanya, ya ɗaura ɗaya bakin a bututun tankin ruwa, ɗaya a ƙugunsa. Matan benen da ke kallonsa suka hango dattijo ɗaure da igiya yana kai-komo yana magana shi kaɗai. Su uku suka zo har gidana jaje.

"Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Mun ga abin har ya kai ga ɗaurewa."

Na ce amin. Ban gyara musu ba.

To, na ce kwabata ce ta hana ni matsawa baya. Ita ce dalilin da nake faɗa wa mutane. Akwai wani.

Yaya da kansa ya ba mu labarin, yana huci. Yana zane a bakin teku, can kudu inda babu kowa, sai motar 'yan sintiri ta tsaya. Su biyu. Babban ya ce taswirar tashar jiragen ruwa yake zanawa. Ya karɓi allon ya duba, ya juya shi ƙasa ya koma sama, ya sake dubawa, ya ce da ɗan'uwansa, "Miskin." Ya miƙa wa Yaya gorar ruwa ya ce ya koma gida rana ta yi masa yawa. Da an kama shi da bai ji haushi haka ba. Yaya ya jingina allon da dutse ya ce wallahi ba za su tafi ba sai sun matsa baya. Ƙaramin ya biye masa, yana tafiya da baya yana dariya. Sai dariyar ta tsaya.

"Ya Hajj, wace ce matar?"

"Babu mata. Ni ba na zana mai rai."

"Ga ta can a tsaye, ta ba mu baya."

Ƙaramin ya ɗaga kai ya dubi bakin tekun na gaskiya, hagu da dama. Babu kowa sai tsuntsaye. Ya ja hannun babban suka shiga mota. Yaya ya ce, "Ranar ce kaɗai a rayuwata hukuma ta tsayar da ni ba ta tambayi iƙama, katin zaman ƙasa, ba."

Muka yi dariya. Amma bayan nan wani mai kantin turare ya sayi allo ɗaya ya kafa a falonsa, kwana shida ya dawo da shi, wai mai aikinsa ta ƙi share ɗakin, ta ce ba ta shara a bayan baƙuwa. Malam Garba ya ji magana ta yi yawa ya hau ya duba, don in akwai surar mai rai dole ya yi magana. Ya sa tabarau, ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya a kusa, ya ce bai ga komai ba sai asarar katako.

Sau ɗaya na tambaye shi. Yana wanke buroshi da kananzir, bai ɗago ba.

"Wace mata ce mutane ke faɗa?"

"Ba ni nake sa ta ba, Auta. In na gama na matsa baya sai in tarar ta riga ni."

"To ka shafe mana."

"Ina shafewa. Sai ta koma gefe."

Ban ƙara tambaya ba. Ni ba matsoraciya ba ce, kun sani. Amma abin da ba a gayyace ni ganinsa ba, ba na leƙe.

Ranar Talatar, Abu Salim ya buɗe ɗakin, warin fenti da zafi suka fito tare. Ɗakin mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Usama da Abu Salim suka riƙa fito da allunan suna jingina su a jikin katangar gabas, yadda suka same su a jere, tsofaffin farko, sababbin ƙarshe. Ni ina tsaye a kansu ina duba kada a haɗa da takardunsa.

"Ummi, halas, ya isa," in ji Usama, yana share zufa. "Khashab ne, katako kawai. Ina za mu kai su? Gidanki ɗaki biyu ne, namu da yara."

Safiya ta ce ko a ɗauki hotonsu a waya tukuna. Ta ɗauki biyu, ta duba, ta ce babu abin da ya fito sai dabbare-dabbare.

Abu Salim ya fito da na ƙarshe ya jingina. Sannan ya ce, da 'yar Hausar da ya koya wurin Yaya, "Hajiya, gara a kwashe. Mutanen hawa na huɗu suna ƙorafi. Kullum bayan la'asar tafiya a sama. Gaba, baya. Gaba, baya. Na hau, ƙofa a kulle."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kai shi."

Malam Garba ya ce bututun ruwa ne, in rana ta dake shi yakan yi ƙara. Ya faɗa sau biyu, ba wanda ya yi masa musu.

Suka zuba min ido. Na buɗe baki zan ce to, sai gwiwata ta soke ni. Babu kujera a saman, sai bulo guda can gindin tankin ruwa, a ɗaya ƙarshen rufin. Na ɗingisa na je na zauna, ina murza gwiwar. Igiyar tana nan a ɗaure da bututun, bakinta a ƙasa kusa da ƙafata. Na ɗaga kai don in ba su amsa.

Ban yi niyyar kallo ba, Allah ya sani. Rana ta sauko ta bayana ta faɗa kan allunan, sai na nemi tabon nan na rasa. Teku na gani, yana motsi, da irin hasken nan da yake yi in la'asar ta yi sanyi, har ido yana ƙyalli. Na ga fakon gishiri yana tururi. Na ga duwatsun Bahra da inuwar girgije tana bi ta kansu. Shekara sittin da wani abu ina garin nan ban san haka yake ba. A zuciyata na ce, ashe ɗan banzan nan ya iya.

Sannan na gan ta.

A allon farko can bakin ruwa take, ba ta fi ƙwayar gero ba. A na gaba ta fito tudu. Mace ce doguwa, da zane baƙin rini, da ƙwarya a ka, da goyo a baya. Ta ba ni baya. Na bi jerin da ido, allo bayan allo, tana ciki duka. Ta ratsa fakon gishiri, ta bi gefen gari, ta shiga duwatsu, ta hau tsohuwar hanyar Makka. Kullum gabas ta nufa, kullum tana ƙara girma, ba ta taɓa waiwayowa ba.

Yaran yanzu ba su san yadda muka zo ƙasar nan ba. Da ƙafa iyayenmu suka taso daga gida za su hajji, suna tafiya suna tsayawa aikin gona, su samu guzuri su ƙara gaba. A hanya aka haife ni. Inna ba ta ga teku ba. Zazzaɓi ya kayar da ita a ƙasar Sudan, saura kwanaki a kai gaɓa, ina ɗaure a bayanta. Yaya yana da shekara tara, shi ya kwance ni. Baba ya binne ta a gindin wata ƙaya, ba alama. Ni ban san fuskarta ba. Ina yarinya na taɓa tambayar Yaya kamanninta, ya daɗe yana tunani, ya ce, "Fuskar ta ɓace min. Bayanta na sani. Shekara uku ina bin sa."

Allon ƙarshe yana can gefe shi kaɗai, har yanzu yana ɗan danƙo. Hanya ce tsakanin duwatsu, can gaba ga fararen ginshiƙan nan na iyakar Harami. Ta tsaya kafin ta kai su. Ba ita kaɗai ba ce. A gefenta akwai wani dogon tsoho mai farar hula, ya ranƙwafa, ya riƙe bakin zanenta. Ya girme ta nesa ba kusa ba. Bayanta kuwa babu goyo. Wurin goyon katako ne tsirara, kamar faɗin tafin hannu, buroshi bai taɓa shi ba.

Usama ya ga na ƙura wa allunan ido ya taho. Ya tsaya kusa da ni ya juya. Na ji numfashinsa ya canja.

"Ummi, min hadi? Wace ce wannan?"

"Kakarka ce. Cire hannu daga aljihu."

Ya cire. Safiya ta zo, ta kama hannun mijinta. Can ta ce a hankali, "Ko fentin ne ya ƙare masa a wurin bayan?"

Abu Salim ya ɗago wani gwangwani daga bakin ƙofa ya karkata mana shi. Baƙin shuɗi ne, ya fi rabi.

Na dubi allon na ce, "Na gani, Yaya. Na gode da ka bar min wuri. Amma ba yanzu ba, ina da jikokin da ban aurar ba."

Ba wanda ya yi dariya sai Malam Garba, shi ma gajeriya. Yana can dab da allunan, bai motsa ba. Na ce, "Malam, ba za ka zo ka gani ba?"

"A'a, Hajiya. Nan ya ishe ni."

"Shekara talatin ba ka taɓa matsawa ba?"

"In na gani dole in yi hukunci a kan abin da na gani. Daga nan kuwa tabo nake gani." Ya gyara tabarau. "Ban san littafin da ya hana ajiye tabo ba."

Na ce da Usama, "Mai dabbab ya zo yadda kuka yi. Amma Madain Fahd zai nufa."

"Ummi, a ina za ki kwana?"

"A falo. Ba a kai Inna bola."

Muna sauka aka kira magariba. Abu Salim ya tsaya zai kulle ƙofar saman, ya ɗan saurara, sannan ya ce, "Assalamu alaikum," ya murɗa makulli. Ban tambaye shi da wa yake ba.

Washegari da safe na tsaya a kansu har aka shigar da allo na ƙarshe ɗakina, a jere yadda ya bar su, ba wanda ya tsallake ɗan'uwansa. Na sa Safiya ta cire min izinin umra a wayarta. A baya na yi wa Baba umra, na yi wa mijina har sau uku, na yi wa wata maƙwabciya da ba ta bar kowa ba. Inna ban taɓa yi mata ba. Ina cewa ba a kewar wanda ba a sani ba, alhali tafiyar awa ɗaya ce daga ƙofar gidana. Ta goya ni har inda ƙarfinta ya ƙare, Yaya ya jawo ta har bakin iyaka da guntun fentin mutane, sauran tafiyar tawa ce.

Mu mutanen Jidda daga gida muke ɗaukar niyya. Na yi wanka, na sa fararen kayana, na tsaya a ƙofar ɗakin na ambaci sunan Inna, Hauwa'u, karo na farko da bakina. Na ce Allah ka jiƙan Yaya Mamman, ka yafe masa kwabata da ƙaryar sauro, ka haskaka kabarinsa da irin hasken da ya ƙare rayuwarsa yana bi da gudu. Ka sa ta waiwayo ya ga fuskarta.

Na ja ƙofar ban kulle ba, na sauka na shiga motar Makka.